Zan shiga SS1: in ɗauki darasin Tarihi?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Zan shiga SS1, ina kuma son ɗaukar Tarihi, amma ana ta ce mini hadda ce zalla, sunayen sarakuna da shekaru, kuma wai samun kiredit a WAEC sai an sha wuya. Don Allah yaya jarrabawar take, kuma ta ina ake farawa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da sanin fasalin jarrabawar. A WAEC takarda biyu ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, awa ɗaya, maki 40, kan Afirka ta Yamma da hulɗarta da duniya. Ta biyu rubutu ce, awa biyu, maki 60, kan Najeriya, an kasa ta uku: daga farko zuwa 1800, ƙarni na 19, sai 1900 zuwa 2000. Tambaya huɗu za ki amsa, aƙalla ɗaya daga kowane kashi, wato minti 30 da maki 15 ga kowace. Ki nemi manhajar shekarar da za ki zauna, domin akan yi gyara.

Inda yara ke faɗuwa ba mantuwar shekara ba ce. Suna ba da labari ne a wurin da aka nemi dalili. A ce an tambayi dalilai biyar da suka haddasa jihadin 1804. Sai ɗalibi ya fara daga haihuwar Shehu Usmanu a Maratta, ya bi malamansa, ya cika shafi biyu bai taɓa tambayar ba. Abin da ake so sakin layi biyar ne, kowane da dalili ɗaya, da bayaninsa, da hujja. Misali: sarakunan Gobir sun takura wa jama'ar Shehu, Nafata ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, a zamanin Yunfa aka kai wa Gimbana, garin da mabiyan Shehu ke zaune, hari, abin da ya kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu. Wannan dalili ɗaya ke nan cikakke. Sai jangali da sauran haraji masu nauyi su zama na biyu. Wanda ya rubuta "zalunci" kawai ya wuce, ya bar mafi yawan makin a ƙasa.

Ki kuma riƙa rubuta amsa ɗaya duk mako da Turanci, da agogo a gabanki, ki kai wa malaminku ya duba. Fahimta da Hausa tana da amfani ƙwarai, amma da Turanci za a gwada ki.

Baban Khalifa:
Na yarda da Malam, sai dai kada yarinyar nan ta ɗauka shekaru ba su da muhimmanci. Takardar zaɓi tana tambayarsu kai tsaye. Ki sami kwali ki ja layi biyu, Kano a gefe guda, Najeriya a ɗayan, ki liƙa a bangon ɗaki. A gefen Kano: Muhammadu Rumfa 1463 zuwa 1499, Ibrahim Dabo daga 1819, basasar Tukur da Yusufawa daga 1893, shigowar Turawa Fabrairun 1903, isowar layin dogo 1911, kafa jam'iyyar NEPU 1950. A ɗaya gefen: haɗewar Arewa da Kudu 1914, sai tsare-tsaren mulki huɗu da ake yawan cakuɗawa, Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttleton 1954. Kowane ki rubuta abu ɗaya da ya kawo a gefensa. Na Clifford ya kawo zaɓe a Legas da Kalaba, na Lyttleton ya kafa tarayya.

Babban ramin ɗaliban Kano shi ne Kudu. Sun saba da Bayajida da Sakkwato tun suna ƙanana, sai su tsallake Oyo, Binin, Igbo-Ukwu da garuruwan Neja-Delta da fatan ba za su fito ba. Suna fitowa. Tunda tambaya uku ce kacal a kowane kashi, wanda ya karanta Arewa kaɗai yana iya buɗe takarda ya rasa abin zaɓa. Ki ba Kudu lokaci fiye da wanda kike ba Arewa, domin can ne ba ki da tushe.

Hajiya Malama:
Ƙarin da zan yi, 'yata, kina zaune ne a tsakiyar darasin. Ki je Gidan Makama, ki hau Dala, ki bi abin da ya rage na ganuwa. In kin shiga Kurmi kin ga 'yan fata da 'yan turare a ƙunƙuntattun lunguna, batun fataucin Sahara zai zauna miki fiye da yadda allo zai zaunar da shi. Haka in kin tsaya a marinar Ƙofar Mata.

Amma ki rarrabe abin da aka ji a zaure da abin da aka tabbatar. A farkon manhaja akwai batun madogaran tarihi: na baka, rubutattu, da kayan tono irin na Nok. Ana tambayar amfanin kowane da rauninsa. Kundin tarihin sarakunan Kano da Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara a 1908 misali ne mai kyau: a rubuce yake, amma ba a zamanin Bagauda, sarkin Kano na farko, aka rubuta shi ba, labaran baka ne aka tattara bayan ƙarnuka, don haka shekarun farkonsa ƙiyasi ne. Ki saka irin wannan a amsarki, mai dubawa zai gane kin fahimta.

Game da jami'a, kafin ki ajiye wani darasi saboda Tarihi, ki duba littafin JAMB ki ga haɗin darussan da kwas ɗin da kike so yake buƙata. Idan karatun Lauya ne, kada ki saki Adabin Turanci.

'Yar Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, tsofaffin tambayoyin WAEC tun SS1 zan fara su, ko sai na kai SS3?

Malamin Tarihi:
Tun yanzu. Duk batun da kuka gama a aji, ki nemo tambayoyin da aka taɓa yi a kansa ki amsa a makon.