Sankarar mama ta haura kan Innarmu, likita ya ce a yi tiyata

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Shekara biyu ke nan da aka cire wa Innarmu nono ɗaya saboda sankarar mama. Ta yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, gashin kanta ya zube ya dawo, har mun saki jiki. Bayan ƙaramar sallah sai ta fara ciwon kai da asuba, wani lokacin har da amai. Ranar da hankalina ya tashi, tana dama fura ne ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta na hagu, ta tsaya tana kallon hannun kamar ba nata ba. Hoton MRI ya nuna ƙari guda a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, santimita 3.5. Likita ya ce ciwon nan ne ya bi jini ya kai can, kuma yana ganin a cire shi. Kawunmu ya kafe, ya ce wanda aka buɗe wa kai ba ya dawowa daidai. Shekarunta 58. Na rasa inda zan sa kaina.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah Ya ba Inna lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba kowa ake yi wa wannan aikin ba. Ana yi ne idan ƙarin ɗaya ne ko kaɗan, yana wurin da hannu zai kai ba tare da ɓarna ba, ya girma har yana danne ƙwaƙwalwa, kuma mara lafiyar da sauran ƙarfinta. Wanda ya wuce santimita 3, gashi kaɗai, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, ba ya saurin sauke nauyinsa, shi ya sa likitan ya karkata ga aiki. Za a cire ɗan yanki na ƙoƙon kai, a fitar da ƙarin, a mayar da ƙashin. Na sha ganin wanda aka yi wa yau, jibi yana zaune yana shan kunu da hannunsa.

Amma tsoron Kawu ba na banza ba ne. Akwai haɗarin zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, farfaɗiya, ko raunin hannun ya ƙaru. Kuma aikin ba ya kashe tushen ciwon, bayansa sai an gasa gurbin don kada ya sake tsirowa. Ki tambaya ko an duba ƙirjinta da hantarta da ƙashi. Idan sun ba ta dexamethasone don kumburi, a riƙa auna mata suga, yana ɗaga shi, kuma kada a yanke maganin farat ɗaya.

Abu Hanifa:
Allah Ya sawwaƙe, Hajiya. Mahaifina sankarar huhu ce ta je masa kai, amma shi wurare shida aka gani, don haka aka ce aiki ba zai amfane shi ba. Gashin dukkan kai aka yi masa, zama goma. Ciwon kan ya lafa, ya koma yana gane jikokinsa, ya yi wata biyar tare da mu. Abin da ya wahalar da mu jiran layin na'urar gashi ne. Tun kafin a shiga da Inna ku san inda za a yi gashin, Zariya ne ko Abuja ko Sakkwato, kuma ku tabbatar na'urar tana aiki. Sannan ita Inna, an tambaye ta kuwa?

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan Baba. Malam, tambayarka ta taɓa ni, don wallahi muna ta gardama a zaure ba wanda ya zauna da ita. Jiya da dare ina shafa mata man zafi a hannun na faɗa mata komai. Ta yi shiru, can ta ce tana so a yi, ko don ta koma riƙe butarta da kanta. Hoton ƙirji da ciki ranar Litinin ne. Na roƙi Kawu ya raka mu ya ji daga bakin likitan, ya ce zai zo.