Gobarar Notre-Dame: gadon wa ya ƙone?

Ɗan Damagaram a Paris:
Assalamu alaikum. Tun daren Litinin, 15 ga Afrilu 2019, da babbar majami'ar Notre-Dame ta nan Paris ta kama da wuta, abin nan yake cina, yau sai na amayar. Ina dawowa daga makaranta na tarar an tare hanya wajen Saint-Michel, kusa da majami'ar, hayaƙi mai ruwan ɗorawa ya turnuƙe sama, toka tana sauka a kan rigunanmu. Gab da ƙarfe 8, ko magariba ba a yi ba, hasumiyar nan mai tsini ta karye ta rufta cikin wuta, jama'a suka kwala ihu baki ɗaya. Wata tsohuwa kusa da ni ta zube a kan gwiwoyinta tana kuka. Na sa hoton a nan, wasu suka bi ni da alamar dariya, kuma wallahi ya yi mini zafi. Majami'ar da aka aza harsashinta a 1163, katakon rufinta na ƙarni na 13 ya koma gawayi a dare ɗaya. Shugaba Macron ya ce cikin shekara 5 za su tayar da ita. Ni na ce ba zai yiwu ba. Abin da aka yi kusan shekara 200 ana ginawa ba rumfar kasuwa ba ne. Gadonmu ne duka ya ƙone.

Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Gadonmu? Kai da wa? Ni dai kakana bai bar mini coci a Faransa ba.

Ɗan Arlit:
Ka riga ni, Na Fagge. Yau kusan shekara 50 ana kwasar uraniyom a garinmu ana haska Paris, ba a taɓa cewa fitilunsu gadonmu ba ne. Sai da wuta ta kama aka tuna da mu?

Ɗan Damagaram a Paris:
Ba gadon da ake rabawa a gaban alƙali nake nufi ba. Gadon 'yan Adam. Tambayata kuwa ita ce ko za a iya tayar da ita cikin shekara 5.

Malam Na Kusa da Masallaci:
Ɗana, ka kula da harshenka. Kalmar gado tana da hukunci. Ka ce abin tarihi, ka ce abin kallo, amma kada ka ce gado.

Malama 'Yar Wusasa:
Malam, da girmanka, ba gadon fiƙihu yaron nan ya ambata ba. Ni Bahaushiya ce kuma Kirista, gobarar nan ta faɗo mana a makon da muke shirin Ista. Na kwana ina bin labari har na ji an fitar da kambin ƙaya, wanda aka yi imani shi aka ɗora wa Yesu, lafiya. In wani a cikinku ya yi mini jaje, ba zai rage masa komai ba.

Hajiya Umma:
Allah ya kyauta, Malama, mun jajanta. Amma ku gaya mini, a wannan rana wuta ta tashi a harabar Masallacin Ƙudus. Wa ya ji an yi shela?

Ɗan Damagaram a Paris:
Hajiya, waccan a ɗakin masu gadi ta tashi, kusa da wurin sallar Marwani, kuma nan take aka kashe ta. Ba a haɗa su.

Hajiya Umma:
Au, har ka fara auna wanne ya fi? To madalla da karatun Faransa.

Baba Magini:
Ku ba ni dama, ni aikina ke nan. Hasumiyar da ta faɗi ba ta zamanin farko ba ce. Wani magini, Viollet-le-Duc, ya yi ta a ƙarni na 19, da katako da aka lulluɓe da dalma, tsawonta ya haura mita 90. Zanensa yana nan, don haka sake ta ba abin tsoro ba ne. Hasumiyoyi biyu na gaba 'yan kwana-kwana sun cece su, manyan tagogin nan masu gilashi kala-kala ma suna nan. Abin da ke ba ni tsoro dutse ne. Dutsen da ya sha wuta sannan aka kwarara masa ruwa, za ka gan shi tsaye garau, ka taɓa ya marmashe. Bakan gizon rufin ya ɓule a wasu wurare, ga ƙarafunan da masu gyara suka kafa sun narke sun manne da juna a can sama. Sauke su ba tare da an rusa abin da ke ƙasa ba aiki ne na watanni. Ga dalmar da ta narke ta zama ƙura, guba ce ga lebura. Sannan katako: sai an nemo manyan bishiyoyi miƙaƙƙu, da kafintocin da suka iya sassaƙa da gatari. Kuma ku duba hasumiyar masallacin Agadas, ta ƙarni na 16 ce, an sake gina ta a 1844, ana yi mata yaɓe har gobe, ba wanda ya ce ba ita ba ce.

Na Fagge:
Baba, mun gode, amma ka tsallake maganar. Gadon wa?

Baba Magini:
A takarda, na gwamnatin Faransa ne tun 1789, dokar 1905 kuma ta tabbatar da haka. Coci ibada kawai take yi a ciki.

Ɗan Arlit:
Kun ji ko? Nasu ne. Kuma dubi kuɗin. Kafin toka ta huce attajiri Pinault ya ce zai ba da yuro miliyan 100 don gyara, attajiri Arnault ya ce miliyan 200. Talakawansu masu rigar ɗorawa sun yi wata 5 a titi suna kukan tsadar rayuwa, ba wanda ya buɗe jaka.

Malama 'Yar Wusasa:
Kuɗinsu ne, sun ba da inda ransu yake. Attajiranmu fa? Ganuwar Kano tana zubewa, ana yanka ta ana yin filaye, wa ya kawo ko buhun ƙasa?

Na Fagge:
Malama, bar Kano a nan. Ku fara gyara ganuwar Zazzau tukuna.

Ɗan Arlit:
Ni ban ma yarda haɗari ba ne. Kwana 4 kafin gobarar aka sauke mutum-mutumi 16 daga kan rufin. Haka kawai?

Baba Magini:
Don gyara aka sauke su, ɗana, aikin ne ma ya kai ƙarafunan can. Masu bincike sun ce sun fi karkata ga haɗari.

Ɗan Arlit:
Dole su ce haka.

Na Fagge:
A matsayina na mai kula da zauren nan, bari in taƙaita kafin in rufe. Mafi yawanmu mun tsaya a kan cewa Notre-Dame ba gadonmu ba ne, Baba Magini ma ya tabbatar da doka. Mun yi wa Malama jaje. An nuna cewa Turawa sun san darajar nasu kawai. Maganar ganuwar Kano ba hurumin wannan tattaunawa ba ce, na goge hotunan da aka turo. Ɗan Damagaram ya janye kalmarsa.

Ɗan Damagaram a Paris:
Yaya, ban janye komai ba. Baba Magini, don Allah zan bi ka ta akwatin sirri, ina so in ji ko dutsen nan zai iya ɗaukar sabon rufi.