Kifin Chinook: yaya ake gane shi, yaya ake gasa shi kada ya bushe?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A kasuwar kifi ta birnin Seattle da ke Amurka akwai wani nau'in kifin salmon da ake kira Chinook, ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Yaya ake gane na gaske? Mene ne farin abin da ke tsattsafowa daga tsokarsa in ana gashi? Kuma yana yin banda irin ta tarwaɗa?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Hajiya. In ba a cire kansa ba, buɗe bakin ki duba dasashi. Na Chinook baƙi ne har gindin haƙora, na coho kuwa, wani nau'in salmon da suka fi kama da juna, fari-fari ne. Sai wutsiya: Chinook na da baƙaƙen ɗigo sama da ƙasa, coho a sama kaɗai. Kada ki dogara da jan tsoka. Salmon ɗin da ake kira sockeye ya fi shi ja, kuma a Alaska akwai Chinook mai farar tsoka. In yankakke ne, duba kaurinsa da fararen layukan kitse, domin kitsen nan kike saye. A teku yake tara shi, saboda da ya shiga kogi don yin ƙwai ya daina cin abinci, kuma na kogin Yukon da ke Alaska da Kanada kan yi tafiyar sama da kilomita 3,000 a haka.

Anti Rabi:
Farin abin furotin ne, ba ya cutarwa, amma alama ce wuta ta yi yawa, tsoka ta takure ta matse ruwanta waje. Ki narkar da gishiri babban cokali 1 a kofin ruwa 1, ki jiƙa yankan minti 10, ki tsane shi sosai. Shafa yatsa a tsakiyar tsokar, za ki ji ƙananan ƙayoyi a jere, ki zare su da hantsaki. Sa shi a kasko fata na ƙasa, wuta matsakaiciya, mai kaɗan. Yanka mai kaurin santimita 2.5 zai ɗauki minti 6 zuwa 7. Kada ki motsa shi sai fatar ta saki kaskon da kanta. Juya, minti 1 ko 2, ki sauke. Hukumar abinci ta Amurka ta ce cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyas. Don Allah kada a tsoma shi cikin mai kamar karfasa, asara ce.

Malam Isuhu:
Yana yin banda, amma ba ta ajiya ba. Kitsensa na saurin lalacewa ya yi ɗaci, don haka ba zai yi watanni a kwando ba. Haɗa gishiri kashi 1 da sukari kashi 3, a shafe shi, ya kwana a firji. Da safe a ɗauraye, a bar shi ya sha iska har samansa ya yi danƙo, nan hayaƙi ke kamawa. Wuta ƙasa-ƙasa, digiri 65 zuwa 80, awa 3 zuwa 4. Mutanen yankin Seattle da wani itace da ake kira alder suke yi. Itace mai ƙaro irin pine na ɓata ɗanɗano. Abin da ba za a ci cikin kwana 3 ko 4 ba, a daskarar da shi.