Harawar wake: yaushe kuke yanka, ina kuke ajiya?

Mai tambaya, Bunza: Assalamu alaikum. Bana wake irin kanannado na shuka cikin gero, yaɗo har ya rufe kunyoyi. Raguna biyu nake son turkewa. Manya, yaya kuke yi da harawarku?

Baba, Gummi: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka jira ganye ya yi ja. Da ka gama roro, yanke yaɗon da ɗanyen ganyensa, ka bari ya sha iska. Ni da sassafe nake naɗewa, tun raɓa ba ta ɗauke ba, lokacin ganyen yana da laushi. Wanda ya naɗe da rana tsaka jijiya kawai zai kai gida, ganyen ya kakkaɓe a gona, alhali shi ne abincin.

Hajiya, Talata Mafara: Gaskiyar Baba. Ni ba na noma, saye nake. Sai na buɗe cikin dami na shinshina kafin in biya. An taɓa kawo mini wadda ruwan ƙarshen damina ya doka, waje kore shar, ciki baƙi da fumfuna, tumaki suka ƙi ko kallonta. Kuma ƙanena, kada ka zubar da kowar waken bayan sussuka. Ina haɗa ta da dusa da 'yar kanwa, rago yana cika sosai.

Malam, Argungu: Ajiya ce ta fi damuna. Maƙwabcina a ƙasa ya jibge tasa cikin zaure, gara ta gama da ita kafin hunturu ya fita. Tawa kan rumfa take, nesa da madafa. Wadda ta rage a gona ina ɗora ta bisa gawo, tunda shi da rani yake ganye, ga inuwa, shanu kuma ba su kai baki.

Ɗan autan manoma, Tsafe: Kawu, iri ma da magana. Na gwada irin wake SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, wanda aka fitar a 2019. Tsutsar fure ba ta dame shi ba, ƙwaya ta yi, amma harawarsa ba ta kai ta kanannado ba a gonata. Yanzu kowanne da gefensa.

Baba, Gummi: Haka ne. Kai mai raguna, ware tasu tukuna. Rarar kada ka kai kasuwa da kaka, kowa na da ita. Riƙe zuwa bazara, ciyawa ta ƙare, masu kiwo har gida za su biyo ka.