Neman shawara: DSL ya ƙi tashi a ofis mai layin waya biyu

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka, kaina ya ɗaure. Ni da maigidana muna da ɗan ofis a Bronx da ke birnin New York, muna tura kaya Nijar da Gana. Wani dattijo ne ya bar mana shi da zai koma gida, har da teburinsa, da injin faks, da wayar tebur mai layi biyu. Shekara shida muna laɓe a intanet ɗin mai aski na kusa da mu, sai ya tashi a watan jiya. Mai ginin ya hana a huda masa bango, shi ne muka sa DSL, wato intanet da ke bi ta layin wayar tebur. Modem ya iso na jona, yau kwana biyar fitilarsa sai ƙiftawa take. Kuma tun da na sa filtar da suka aiko, wato 'yar na'urar da ke tace siginar intanet daga wayar tebur, layi na biyu ya mutu murus. Kamfani sun ce ta ɓangarensu lafiya lau, in ma'aikaci ya shigo ciki sai mun biya.

Injiniya Sokoto:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin ba mu tarihin mai aski amma kin bar babban abu: a kan wace lamba aka ɗora DSL ɗin? Kwance murfin soket ki duba. Wayoyi huɗu ne: ja da kore layi na ɗaya, su ne a tsakiya, baƙi da rawaya layi na biyu, suna gefe. Modem na tsakiyan kawai yake ji. In a layi na biyu aka sa miki, ko shekara za ki yi fitilar nan ba za ta tsaya ba. Nemi 'yar mahaɗa mai rubutun L1 da L2, ki jona modem a L2. Filtar kuma ta layi ɗaya ce, shi ya sa ta yanke ɗayan. Akwai ta layi biyu.

Baban Khalifa:
Ni dai cire filtocin na yi gaba ɗaya. Kamfanonin nan 'yan wuru-wuru ne, wata uku suna cajina kuɗin layin da na rufe, har yau ba su maido ba.

Injiniya Sokoto:
Malam, kar ka ɓatar da ita. Murya ba ta wuce kilohaz 4, DSL yana tafiya a samanta. Ba filta, za ta riƙa jin shuuu a kunne, intanet ya yanke duk sanda aka ɗaga waya. Waya da faks kowanne da filtarsa, modem ne kaɗai ba a tare masa hanya.

Ɗan Maraɗi:
DSL a Amurka, a wannan zamani? Anti, sayi rawuta mai sim ki huta. Ko a garinmu an wuce nan.

Maman Ilham:
Ɗana, ofishin a ƙasan bene yake, sai na fito bakin titi nake samun sabis. Injiniya, lambar ban sani ba, maigida ne ya yi magana da su kuma ya yi tafiya. Amma ba na jin layi na biyu ne, don shi faks ne ke kai. Soket kuwa na buɗe, ban ga ja ko kore ba, shuɗi ne da ruwan lemo.

Injiniya Sokoto:
Duk kanwar ja ce: shuɗi layi na ɗaya, ruwan lemo na biyu. Ai layin faks ɗin ma ana iya ɗora masa DSL. Lambar tana kan takardar oda. Ko ki kai modem akwatin kamfani inda waya ta shigo ginin, akwai soket ɗin gwaji. In ya tashi a can, matsalar a cikin ofis take.

Maman Ilham:
Akwatin yana ɗakin da mai gini ya kulle, ba na son abin da zai haɗa ni da shi. Wallahi komai na yi yadda takardarsu ta ce. Ba yadda za a yi da filtar da nake da ita? Na riga na yar da kwalin.

Baban Khalifa:
Hajiya, wane kamfani ne? Ina zargin nawa ne.