Batir maras ruwa: sabuwar ƙirƙira ce ko tsohon koko aka ƙara wa citta?

Masta Iliyasu, Magazin (unguwar makanikai a Kumasi, Gana):
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan batirin nan maras ruwa da ake ta yayatawa, wanda aka ce ba ya saurin kama wuta kuma zai kai mota nesa fiye da na yanzu. An ce Toyota kaɗai tana riƙe da takardun fatent (takardar da ke hana wasu kwafar abin da mutum ya ƙirƙira) sama da 1,000 a kansa, alhali motar ba ta fito ba, sai alkawarin 2027 ko 2028. Ɗana ya buɗe mini takardun wasu kamfanoni a Google Patents muka duba tare. Abin da na gani shi ne litiyam, nikel, manganis, kobalt, su ne dai a cikin batirin kwamfuta da yara ke farkewa suna ciro ƙwayoyinsa. Wannan ya ce nikel kashi kaza, wancan ya ɗan ƙara ya ce nasa ne. Mai koko a Aboabo in ta ƙara citta ta rage kanumfari, koko ne dai, ba wanda zai ba ta takardar hana sauran mata damawa har shekara 20. Ni a wurina wannan ba ƙirƙira ba ce, masu duba takardun nan sa hannu kawai suke yi.

Rabi, Tek (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi):
Wa alaikumus salam Kawu. Dabarar kanta tsohuwa ce, wannan gaskiya ne. Tun shekarun 1830 Michael Faraday ya lura wasu daskararrun sinadarai na iya ɗaukar lantarki idan sun yi zafi, kuma tun shekarun 1970 ake sa batirin litiyam da aidin maras ruwa a na'urar daidaita bugun zuciya. Don haka ba wanda zai ce batir maras ruwa kacokan nasa ne.

Amma sunayen sinadarai ba su ne ma'auni ba. A batirin wayarka litiyam iyo yake yi cikin ruwa tsakanin katod da anod, wato ɓangarori biyu na batirin, ruwan nan ne kuma ke cin wuta. In an cire shi, dole litiyam ya ratsa ta cikin abu mai tauri, ga shi yawancin abubuwa masu tauri ba su ba shi hanya. A 2011 Ryoji Kanno da abokan aikinsa a Tokiyo, tare da masu binciken Toyota, suka fito da Li10GeP2S12: litiyam, jamaniyam, fosfaras da farar wuta. Duk an san su tun da daɗewa. Abin da ba a sani ba shi ne in an jera ƙwayoyinsu a wannan tsari sukan bar kafofi a tsakani, litiyam ya bi da sauri kamar a cikin ruwa, ba tare da an ɗumama batirin ba.

Masta Iliyasu:
'Yata, ban yi musu da na Kanno ba. Mutum nawa ne Kanno? Ni maganata a kan sauran dubban ne, masu taɓa katod su motsa lamba ɗaya.

Lauya Abdul-Mumin, Asawasi:
Masta, motsa lamba kaɗai ba ya wucewa in mai duba ya yi aikinsa. Tambayoyi biyu yake yi, mutane kuma sukan haɗa su wuri ɗaya. Ta farko: kafin ranar da ka shigar da takarda, an taɓa bayyana wannan abu daidai a wani wuri a duniya, ko a mujalla, ko a tsohuwar takardar fatent, ko a kasuwa? In an taɓa, magana ta ƙare. Ta biyu: ko da ba a taɓa ba, masanin fannin zai iya kaiwa gare shi da sauƙi daga abin da aka riga aka sani?

Akwai shari'ar da ake koyarwa a kan ta farkon, an yanke ta a Amurka a 1985. Kamfanin Titanium Metals ya nemi takarda a kan haɗin titaniyam mai nikel kashi 0.6 zuwa 0.9 cikin ɗari da molibdinam kashi 0.2 zuwa 0.4, ya ce ya gano haɗin ba ya lalacewa a ruwan gishiri mai zafi. Sai aka samo wata maƙala ta Rashanci ta 1970 mai zanen gwaje-gwaje, a cikin zanen akwai ɗigo ɗaya: nikel 0.75, molibdinam 0.25. Marubutan ba su ce komai ba game da ruwan gishiri. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ɗigon nan ya faɗa cikin iyakar da kamfanin ya shata, saboda haka haɗin tsoho ne, gano sabon amfaninsa bai mai da shi sabo ba. A Turai ma, in ka zaɓi ɗan yanki daga cikin faffaɗan kewayon da wani ya riga ya wallafa, sai yankin ya zama matsattse kuma ya yi nisa da misalan da wancan ya bayar.

Alhaji Garba, Alabar:
To ai Lauya ka tsaya wa Masta ke nan.

Lauya Abdul-Mumin:
A'a Alhaji. Masta ya ce ba a dubawa, ni na nuna masa abin da ake dubawa da shi.

Rabi:
Kawu, bari in tsaya a kan katod ɗin tunda nan ka fi ƙarfi. In ka ɗauki garin katod ɗin da ka sani ka haɗa shi kai tsaye da daskararren sinadari mai farar wuta, ba su jituwa. A daidai inda suka taɓa juna wani ɓawo ke fitowa ya tare wa litiyam hanya, batirin ya yi ta rauni. A 2007 masu bincike a Tsukuba ta Japan suka nuna cewa in an lulluɓe kowace ƙwayar katod da litiyam nayobet, shafi mai kaurin 'yan nanomita, wanda gashin kai ya fi shi kauri sau dubbai, matsalar tana raguwa sosai. In ka auna batirin a sikeli ba za ka ga bambanci ba. A takarda ma layi ɗaya ne aka ƙara. Amma wancan batir ba ya aiki, wannan yana yi.

Akwai kuma kumbura. Ƙwayar katod tana buɗewa tana tsukewa duk lokacin caji. Ruwa yakan bi ta ya cike gurbin, abu mai tauri ba ya bi, sai a samu rata, lantarki ya yanke. Wanda ya gano girman ƙwaya ko haɗin da ke rage wannan ya warware abin da ya hana mutane barci, ko da litiyam da nikel ɗin nan ne dai ka gani a takardarsa.

Alhaji Garba:
Rabi, ni ɗan kasuwa ne, abin da ke shagona zan faɗa. Batiran sola na LFP, masu litiyam, baƙin ƙarfe da fosfet, da mutane suka koma saya saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta, duk daga Sin suke zuwa. Asalin sinadarin daga ɗakin binciken John Goodenough ne a Jami'ar Texas wajen 1996, sai a Kanada aka ƙara masa shafin kabon don ya ɗauki lantarki da kyau. Irin ƙaramin shafin da kike yabo ke nan. A 2011 hukumar sake duba fatent ta Sin ta soke takardar wannan shafi a ƙasarta, masana'antunsu suka yi ta bugawa, farashi ya sauko. Manyan takardun ba su ƙare a sauran duniya ba sai wajen 2022, lokacin Sin ta riga ta cinye kasuwar. Da ba a soke ba, mai ɗaki ɗaya a Sawaba ba zai iya sayen batirin da yake kunna fanka da shi yau ba.

Rabi:
Baba Alhaji, araharsa ta amfane mu, ban ƙi ba. Amma ba don shafin kabon ɗin ba, da babu batirin da za ka sayar, domin LFP tsurarsa ba ya ɗaukar lantarki sosai. Tambayar ko abu sabo ne daban, tambayar wa ya ci riba daban.

Lauya Abdul-Mumin:
Labarin Alhaji ya nuna hukuncin mai duba ba shi ne na ƙarshe ba. A Turai kowa na da wata 9 bayan an ba da takarda ya shigar da ƙin amincewa. Takardar da kuma ta tsaya, ta tsaya: kamfanin BASF da cibiyar bincike ta Argonne sun kai kamfanin Umicore ƙara a Amurka a 2015 a kan katod mai nikel, manganis da kobalt, hukumar ciniki ta ba su gaskiya a 2016.

Rabi:
Inda nake tare da Kawu shi ne faɗin abin da ake nema. Za ka buɗe takarda ka ga an rubuta litiyam da wani ƙarfe M, sai a ce M yana iya zama kowanne daga jerin ƙarafa kusan ashirin, adadinsa kuma daga sifili zuwa kusan ɗaya. Ka gangara wurin gwaji ka tarar haɗi uku ko huɗu kawai aka yi. Su ma a ɗan ƙaramin batir ne mai faɗin kwabo, an matse shi cikin ƙarfe da kusoshi da nauyin da mota ba za ta iya ɗauka ba, wani lokaci an ɗumama shi. Mai duba ba shi da ɗakin gwaji, abin da aka rubuta masa yake karantawa. A nan gizo ke saƙar: an gwada huɗu, an killace dubu.

Masta Iliyasu:
Alhamdu lillahi, kin faɗe ta da bakin masu ilimi. A Magazin in yaro ya ce ya gyara altaneta, sai mun ɗaura ta mun tayar da mota mun sa mita. Gani ya kori ji. Duk mai neman takarda ya kawo batirin a caja shi a gaban mai duba.

Lauya Abdul-Mumin:
An taɓa yin haka Masta. Ofishin fatent na Amurka yana neman ƙaramin samfuri har zuwa 1880, wuri ya yi masa kaɗan, gobara kuma ta cinye da yawa a 1836 da 1877. Ga batir ma ya fi wuya, don sanin ingancinsa sai an caja an sauke sau ɗaruruwa, watanni ke nan, mai farar wuta kuma in ya sha danshin iska yana fitar da gas mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da doka ta tanada shi ne bayanin ya isa masani ya maimaita aikin, abin da aka nema kuma kada ya wuce abin da bayanin ya ɗauka. Mai duba yana da ikon ya ce a rage. Ko yana amfani da ikon nan yadda ya kamata, wannan ita ce muhawarar gaskiya.

Malam Shu'aibu, Aboabo:
Ina ta karanta ku. Ni damuwata gida. Tun 1916 ake haƙar manganis a Nsuta ana loda shi ɗanye. A 2023 gwamnati ta ba Atlantic Lithium izinin haƙar litiyam a Ewoyaa kusa da Mankessim, kowa kuma yana cewa a sarrafa a nan. Ranar da ɗan ƙasa ya tashi yin garin katod a Tema ko Takoradi, takardun nan za su tare shi? Wa ke duba su a madadinmu?

Lauya Abdul-Mumin:
Malam, takarda tana aiki ne a ƙasar da aka ba da ita kaɗai. Ta Japan ba ta da ƙarfi a Kumasi. A Gana dokar ita ce ta 2003, mai lamba 657, kuma hanya biyu ce: ko ta ofishin Babban Magatakarda a Akra, ko ta ARIPO, ofishin fatent na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, da ke Harare ƙarƙashin yarjejeniyar 1982, inda mutum zai shigar sau ɗaya ya ambaci Gana cikin ƙasashen da yake so. In masu duba na Harare suka amince, ana sanar da Gana, tana da wata 6 ta ce ba ta yarda ba. In ta yi shiru takardar ta hau kanmu. Maƙwabtanmu Togo, Burkina Faso da Kodebuwa, har da Nijar, suna ƙarƙashin wani ofishin haɗin gwiwar daban, OAPI ta Yawunde. A Najeriya, dokar 1970 ba ta sa a binciki ko abu sabo ne kafin a yi rajista, sai an je kotu.

Malam Shu'aibu:
To wata shidan nan su ne abin tsoro. Dole a samu wanda zai iya karanta jerin ƙarafan da Rabi ta kwatanta ya ce wannan ya yi faɗi.

Rabi:
Haka ne Malam, kuma aikin masu ilimin sinadarai ne kafin ya zama na lauyoyi. Akwai alheri ma a ciki: ana wallafa takarda wata 18 bayan shigarwa, kowa ya karanta kyauta. Wadda ba a kawo Gana ba, ɗalibi a Tek yana da damar ya bi ta layi-layi ya haɗa abin.

Alhaji Garba:
Ya haɗa ya sayar wa wa? Masu sayen garin katod suna Koriya, Sin da Turai, can kuma takardar tana da rai, a tashar jirgin ruwa za a tare kayan.

Masta Iliyasu:
Shi ya sa ban sauka daga maganata ba. Wanda ya gwada haɗi huɗu a ba shi huɗun nan, sauran a bar wa bayin Allah.

Lauya Abdul-Mumin:
In an yi haka Masta, gobe wani zai ɗauki aikin da ya ci mutum shekara goma, ya ƙara nikel kashi ɗaya, ya ce ya fita daga takardarsa. Motsa lambar da ka ƙi tun farko ita za ta zama hanyar kwafa. Dole a bar wa mai ƙirƙira 'yar tazara kewaye da abin da ya gwada.

Masta Iliyasu:
A ba shi tazarar, amma shi zai kawo sakamakon gwaji daga bakin iyakar nan da wancan bakin, a nuna duka suna aiki. Kamfani mai takarda dubu ba zai rasa kuɗin gwaji biyu ba.