Neman shawara: na samu aiki a Salala ta ƙasar Oman, in kwashi iyali ko in fara yin gaba ni kaɗai?

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suke zaune a Oman ko suka taɓa zama. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibitin gwamnatin jiha, shekarata 11 a aiki, ina da mata ɗaya da yara uku, babban shekara 9, mai bi masa 6, sai ta goye. Mahaifiyata ma tana wurina tun rasuwar mahaifinmu, tana fama da hawan jini da suga, kuma ni ne babba a ɗakinmu. To wani asibitin kuɗi da ke Salala ya turo min takardar ɗaukar aiki, kwantiragin shekara 2, albashi riyal 480 a wata, 300 shi ne gundarin albashin sauran alawus ne. Wallahi tun da na ga bidiyon garin hankalina ya tafi can, duwatsu kore shar, ga teku ga bishiyoyin kwakwa, ni da sau ɗaya na taɓa ganin teku a rayuwata a Legas. Abin da nake tunani shi ne in ajiye aikina, in sayar da motata da wani fili da nake da shi mu tafi gaba ɗaya da uwargida da yara, ita Hajiya ƙanina ya ɗauke ta. Uwargida ta amince har ta fara lissafin kaya. Hajiya kuwa da na gaya mata cewa kawai ta yi Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba. Me kuke gani?

Baban Yara, Salala:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri. Shekarata ta huɗu ke nan a garin nan, bari in fara da bidiyon da ka gani domin duk wanda ya kira ni daga gida da shi yake farawa. Wannan koren na kharif ne, damina ce da iskar teku take kawowa daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Satumba, kuma ba irin ruwanmu na Agusta ba ne mai tsawa da kwarara, yayyafi ne da hazo dare da rana, sai ka yi sati biyu ba ka ga ƙwayar rana ba. Daɗi kam akwai, lokacin da Maskat da Dubai suke ƙonewa mu muna cikin sanyi. Amma shekarar farko na buɗe durowa na tarar da manyan kayana na sallah da takalman fata duk sun yi fumfuna fari fat, shanya kuwa sai ta kwana uku ba ta bushe ba. Daga Oktoba ciyawar nan za ta fara bushewa, kafin ka ankara duwatsun sun koma ja kamar ka fita bayan gari da rani, sai Afirilu da Mayu su zo da zufa mai danƙo wadda fanka ba ta yi mata komai sai esi. Tekun ma a lokacin kharif an hana shiga, igiyar ruwa tana da ƙarfi sosai, a bakin tekun Mugsail kusa da Salala a 2022 ta janye mutane har da yara daga kan dutse suna tsaye suna ɗaukar hoto. In ka zo da yara wannan ka riƙe shi da kyau.

Sai maganar kuɗi. Riyal ɗaya dala 2.6 ce, a ɗaure take da dala ba ta hawa ba ta sauka, shi ya sa in ka juya 480 zuwa naira za ka ga kamar ka gama da talauci, amma ai ba a Katsina ko Gusau za ka kashe ta ba. Ni gida mai ɗaki biyu da falo nake biyan 170 duk wata, ban da wuta da ruwa da intanet, kuma garin nan in ba ka da mota ka wahala domin a warwatse yake. Sannan ka tabbata yarjejeniyar hayarka ta shekara ce a rubuce, saboda da kharif baƙi suna cika garin daga Saudiyya da Imarat (ƙasar su Dubai) da sauran sassan Oman, haya ta kwana-kwana tana tsada sosai, mai gida in ba ku yi rubutu ba zai iya ce maka ka tashi. Da 480 kai kaɗai za ka ci ka tura gida har ka ajiye wani abu. Da mutum biyar, biyu 'yan makaranta, gaskiya ban ga yadda za ta ishe ku ba sai in asibitin ne zai ba ku gida.

Ma'aikaciyar jinya, Maskat:
Yayana kar ka ajiye aikin nan tukuna, dan girman Allah. Takardar ɗaukar aiki ba biza ba ce. Mu ma'aikatan lafiya sai an tantance takardunmu ta hannun kamfanin DataFlow, su tuntuɓi makarantar da ka gama da hukumar da ta ba ka lasisi da wurin aikinka, sannan ga jarrabawar gwada ƙwarewar aiki ta Prometric, sannan lasisin ma'aikatar lafiya ta nan, ga gwajin asibiti kafin ka taso da bayan ka sauka. Nawa ya ɗauki wata bakwai saboda makarantarmu ta daɗe ba ta amsa musu ba. Ba ka faɗa mana ko ka yi waɗannan ba. In ba ka yi ba kuma wani ejan yana ce maka ka turo kuɗi biza ta kusa fitowa, ka tsaya. Kar kuma ka yarda a ce ka shigo da bizar ziyara wai in ka zo za a juya maka ita.

Ka ɗauko kwantiragin ka karanta layi-layi: gida nasu ne ko naka, tikitin zuwa hutu duk shekara ne ko sai ƙarshen shekara biyu, kai kaɗai ko da iyali, inshorar lafiya ta haɗa da matarka da yara ko a'a, awa nawa ne aiki kuma ana biyan obataya. Giratuti a kan gundarin albashi ake lissafa shi, wato 300 ɗin nan ba 480 ba, shi ya sa suke son ƙaramin gundari da alawus mai yawa. Hutun shekara kwana 30 ne a doka. Fasfonka kuma haƙƙinka ne, doka ta hana mai aiki ya riƙe shi ba da yardarka ba, in sun ce ka kawo su ajiye maka ka ce ka gode. Abu na ƙarshe wanda shi ya fi sa nake ce maka kar ka saki aikin gida: gwamnatin nan tana da tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa kuma ɓangaren lafiya yana ciki, na ga abokan aiki 'yan Indiya da Filifin da suka shekara goma aka ƙi sabunta musu, ba laifin komai, ɗan ƙasa ne ya gama karatu. Ka nemi hutu ba albashi a ma'aikatarku in ana bayarwa.

Matashi daga Kaduna:
Ni fa ban ga abin tsayawa dogon tunani ba. Albashin jiha nawa ne yanzu, buhun shinkafa nawa? Babu harajin albashi a can, wanda suka ce za su fara a 2028 ma sai mai samun sama da riyal 42,000 a shekara zai shafa. Yallaɓai ka tafi, in dama ta zo ba ta jira. Amma filin kam kar ka sayar, fili ba ya cin abinci.

Maman Biyu, Sohar:
Ni ta ɓangaren matarka zan yi magana domin ni ma biyo maigida na yi. Yanzu tana murna, ni ma na yi. Amma ka sani bizar iyali ba ta ba ta damar yin aiki, kai za ka fita tun safe wani lokaci ka yi kwana a asibiti, ita tana cikin bene da jaririya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana, ba biki ba suna ba gidan kitso. Watannin farko na sha zama a bakin taga da la'asar ina kallon titi ina hawaye, in kira Ummata kuma sai in tuna mun riga su da awa uku, tana tsakiyar aikin gida. Mutanen Oman suna da kirki da kunya sosai, ban taɓa jin wanda ya ɗaga min murya ba, akwai ma baƙaƙen fata da yawa 'yan ƙasa masu jin Suwahili saboda tsohuwar alaƙarsu da Zanzibar, amma kirki daban shiga gida daban.

Makaranta ita ce za ta cinye ku. Ta gwamnati da Larabci ake komai, yawancin baƙi makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu, irin na Indiyawa su ne masu ɗan sauƙi, su ma ga kuɗin rajista ga na mota ga littattafai, sau biyu. Ka tambayi kuɗin tun kana gida ka cire daga 480 ka ga abin da ya rage. In dai za ta zo daga baya ta taho da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajinta, a ɗaure da kyau. Shinkafa da kifi da naman raƙumi da ayaba da gwanda duk akwai a Salala, babban kantin Lulu ma akwai, amma miyar kuka sai abin da ka ɗauko.

Dattijo, Zariya:
Ɗana, duk sun yi maka maganar kuɗi da takardu, ni layinka na ƙarshe ne ya tsaya min a rai. Uwa ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri sannan ta yi shiru, wannan ba izini ba ne, kawaici ne irin na iyayenmu, ba ta so a ce ita ta tare maka arziki. Ka san hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. Ban ce kar ka tafi ba, neman halal ne kuma maganinta ma kuɗi yake ci. Amma ka same ta ku biyu bayan isha'i, ba matarka ba ƙaninka, ka ce Hajiya in kin ce in zauna na zauna, ka ga abin da fuskarta za ta nuna. Kuma mai suga da hawan jini ba a sauya mata gida da hannun da ya saba ba ta magani rana ɗaya. In matarka da jikokinta suna nan tare da ita, tafiyarka za ta zo mata da sauƙi. Ka yi istihara.

Baban Yara, Salala:
Na manta ban faɗa ba, ta fannin addini ba ka da damuwa. Yawancin masallatan Maskat da cikin ƙasa na mabiya mazhabar Ibadiyya ne, suna sakin hannu a sallah kamar yadda ka saba gani wurin malamanmu na Malikiyya, nan yankin Zufar kuma Shafi'iyya sun fi yawa, kowa yana bin kowa sallah ba ka jin gardama. Hutun mako Juma'a da Asabar ne. Sai dai ka sani Salala zuwa Maskat kusan kilomita 1,000 ne ta hamada, ba wurin da za ka ce bari in je in dawo ba ne, kuma zuwa gida babu jirgi kai tsaye, ni ta Doha nake bi in sauka Kano.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma na karanta takardar kamar yadda 'yar uwa ta ce, ashe gidan da suka rubuta ɗaki ne za mu raba da wani ma'aikaci, tikiti kuma nawa ne ni kaɗai sai ƙarshen kwantiragi, iyali ko ambatonsu ba a yi ba. DataFlow na fara, jarrabawar ce ban zauna ba tukuna. Jiya da daddare na zauna da Hajiya kamar yadda Baba na Zariya ya ce, ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, can ta ce ita ba tafiyata ce ta dame ta ba, yaran ne, wai in aka kwashe su wa zai riƙa shigo mata da safe. Ta ce in je ni kaɗai in gani, ta yafe min ta sa min albarka. Uwargida ba ta ji daɗi ba gaskiya, har yanzu muna kan magana. Fili na fasa sayarwa, gobe zan shiga ofis in tambayi yadda ake neman hutu ba albashi, sannan zan rubuta wa asibitin in nemi su mayar da tikitin duk shekara. Baban Yara dan Allah in ba damuwa zan bi ka ta akwatin sirri, ina so in san unguwar da asibitin yake da nisanta da masallacin Juma'a, da kuma nawa zan riƙo a hannu kafin albashin farko ya fito.